Sunan Sana'a a Matsayin Sunan Zuriya: Schneider a Jamus, Tela da Madaki a Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya duba rajistar wata makaranta a Kafanchan, ko Zonkwa, ko Kagoro, ko Kwoi, zai ci karo da sunaye irin su Madaki da Magaji da Galadima da Dogari da Akawu da Tela a gurbin da aka tanada domin sunan zuriya. Waɗannan kalmomi na Hausa ne, ko kuma Hausa ce ta aro su daga wani harshe ta miƙa wa maƙwabtanta. Amma da yawa daga cikin masu amsa su ba Hausawa ba ne, kuma ba sa riƙe da sarautar ko sana'ar da sunan yake nufi. A Kano da Katsina da Sakkwato kuwa, inda sana'a take gado tun kaka da kakanni, da wuya a sami wanda ya rubuta Mahauci ko Majemi a wannan gurbi.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana dalilin haka ta hanyar kwatance da sunan Schneider, wanda Jamusawa da Yahudawa suka yi tarayya a kansa, kuma tarihinsa yake a rubuce. Abin da ake son nunawa shi ne, gadon sana'a kaɗai ba ya mayar da sunanta sunan zuriya. Rajistar hukuma ce take yin haka, kuma da zarar suna ya shiga rajista, to ya daina ba da shaida a kan aikin mai shi ko ƙabilarsa ko addininsa.

2.0 Asalin Sunan Schneider

2.1 A Wajen Jamusawa

Kalmar Schneider ta samo asali ne daga aikatau na Jamusanci schneiden, wato yanka. Asalin ma'anarta ke nan mai yanka ƙyalle, daga baya ta tsaya a kan maɗinki baki ɗaya. Haka Taylor na Ingilishi, wanda ya fito daga kalmar Faransanci tailleur, ita ma mai nufin mai yanka. Abin lura a nan shi ne, Bature ya sa wa mai wannan sana'a suna daga almakashinsa, Bahaushe kuwa daga allurarsa, domin maɗinki daga ɗinka ya fito.

Kafin ƙarni na 12 Bajamushe suna ɗaya yake da shi. Da birane suka cika, masu suna Johann da Heinrich suka yi yawa, sai aka riƙa ƙara laƙabi domin bambancewa, ko na mahaifi, ko na gari, ko na siffar jiki, ko na sana'a. Wannan laƙabi ya fara bin gado a biranen kudu da yamma, sa'an nan ya bazu zuwa arewa da ƙauyuka cikin ɗaruruwan shekaru. Takardun haraji da na gadon filaye da na ƙungiyoyin masu sana'a su ne suka kafe shi. Bayan taron majami'ar Katolika da aka kammala a Trent a 1563, ya zama wajibi limaman coci su riƙa rubuta baftisma da aure, kuma daga 1876 hukuma ta karɓi rajistar haihuwa da aure da mutuwa a duk daular Jamus.

A yau sunaye biyar da suka fi yawa a Jamus duk na sana'a ne:

(1) Müller, mai niƙa
(2) Schmidt, maƙeri
(3) Schneider, maɗinki
(4) Fischer, masunci
(5) Weber, masaƙi

Yawan nan yana da dalili. Kowane ƙauye yana bukatar mai niƙa da maƙeri da maɗinki, amma ɗaya ko biyu sun wadatar. Saboda haka sunan yana bambance mai shi a cikin ƙauyen, kuma ana sake haifar sunan a ƙauye na gaba ba tare da wata dangantaka ba. Masu suna Schneider ba 'yan kaka ɗaya ba ne. Dubban gidaje ne da ba su san juna ba, sana'a ɗaya ta haɗa su a kan suna ɗaya. A arewacin Jamus ma wata kalma ce daban, Schröder, ta fi riƙe wannan ma'ana, a Amurka kuma sunan ya rikiɗe ya koma Snyder a bakin masu jin Ingilishi.

2.2 A Wajen Yahudawa

Yawancin Yahudawan tsakiya da gabashin Turai sun daɗe suna bin tsarin da Bahaushe ya sani, wato sunan mutum da na mahaifinsa, wane ɗan wane. Sunan da jika zai gada daga kaka bai zama ruwan dare a cikinsu ba sai da hukumomi suka tilasta. Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya kafa doka a 1787 cewa kowane gidan Bayahude ya zaɓi tabbataccen suna. Rasha ta bi sahu a 1804, Faransa ta zamanin Napoleon a 1808, Furushiya kuma a 1812. Manufar a bayyane take: sanin wanda zai biya haraji da wanda za a ɗauka aikin soja.

Da aka zo zaɓe, mutane da yawa suka ɗauki sunan abin da suke ci da shi. Ɗinki kuwa yana cikin manyan sana'o'in Yahudawa saboda dalilai biyu. Na farko, Attaura ta hana sa tufar da aka gauraya ulu da lilin a cikinta, don haka al'ummar tana bukatar maɗinkanta da suka san wannan hukunci. Na biyu, an daɗe ana hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'o'i da dama, ɗinki kuwa jarinsa kaɗan ne. Harshensu na gida, Yidish, ɗan'uwan Jamusanci ne, saboda haka Schneider ya zo musu a sauƙaƙe. Inda harshen hukuma ya bambanta, sunan ya sake riga: Portnoy a Rashanci, Kravitz daga kalmar Silabawa, Chait daga Ibrananci, wanda yake ɗan'uwan Khayyat na Larabci.

Ke nan Schneider ya shiga rajista sau biyu, a hannun al'ummu biyu, da tazarar shekaru ɗaruruwa. Akwai ma inda sunaye biyu masu tushe daban suka haɗu a rubutu ɗaya. Meyer na Bajamushe ya fito daga kalmar Latin mai nufin wakilin da yake kula da gandun ubangidansa, Meyer na Bayahude kuwa sau da yawa daga sunan Ibrananci Meir yake, wato mai haskakawa.

3.0 Sana'a da Suna a Ƙasar Hausa

Hausa ba ta rasa hanyoyin ƙirar sunan mai sana'a ba. Fitattu daga ciki su ne:

(6) ɗafa-goshin ma-: maƙeri, masaƙi, marini, majemi, magini, mahauci
(7) ɗafa-goshin ba-: baduku
(8) mai: mai goro, mai shanu, mai taba
(9) ɗan: ɗan koli, ɗan tireda
(10) sarkin: Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska

Harshen yana kuma da hanyar mayar da gama-garin suna ya zama na mutum, wato gajarta wasalin ƙarshe, kamar yadda ake ji a Baƙo da Dogo da Sabo. Ta fuskar nahawu, babu abin da ya hana a sami gidan Majemi kamar yadda aka sami gidan Gerber a Jamus.

Ta fuskar zamantakewa ma sharaɗin ya cika. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayi a tsakanin Hausawa, ya bambance sana'ar karda, wadda mutum ya gada, da ta shigege, wadda ya shiga da rana tsaka, ya kuma nuna cewa ta gado ta fi daraja a idon jama'a. Philip Jaggar, a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda ƙira take bin gida, da yadda maƙeran baƙi suka bambanta da maƙeran fari. Duk da wannan gado mai ƙarfi, sunan sana'a bai bi jini ba. Ya zauna ne a wurare biyu.

Wuri na farko shi ne unguwa. Akwai Soron Ɗinki da Dukawa a Kano, da Maƙerar Assada da Marina a Sakkwato, da Maƙera a Kaduna. A rubutun yau da kullum, maƙera mai nufin wurin ƙira da maƙera jam'in maƙeri kama ɗaya suke, karin sauti ne yake raba su: na wuri duk gaɓoɓinsa sama suke, na mutane kuwa sama, ƙasa, sama. Inda masu sana'a ɗaya suka taru a unguwa guda, sunan sana'ar ba ya bambance kowa. Kiran mutum Maɗinki a Soron Ɗinki bai fayyace ko wane ne ba. Wannan ya saɓa wa ƙauyen Jamus mai maɗinki guda. Wuri na biyu shi ne sarauta, domin Sarkin Fawa muƙami ne da mutum ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, ba sunan da dukan 'ya'yansa za su amsa ba.

Da rajista ta iso tare da makarantun boko, musamman Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, sai aka bukaci suna na biyu domin raba masu suna Muhammadu da Abubakar. Abin da aka fi ɗauka shi ne sunan gari. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Shehu Shagari. Abubakar Imam ma da sunan Abubakar Kagara aka fara saninsa. Dalili ɗaya shi ne, ɗaliban sun taru daga larduna daban-daban, gari ne ya fi saurin raba su. Dalili na biyu shi ne daraja. A jerin matsayi da Smith ya kawo, sarauta da malanta suna sama, fawa da roƙo suna ƙasa. Yaran da aka fara kai wa makaranta galibi 'ya'yan sarakuna da malamai da barorinsu ne, ɗan mai ƙaramar sana'a kuwa, in ya sami shiga, ba shi da sha'awar ɗaura wa kansa sunanta har abada. Shi ya sa Wali da Alƙali da Liman da Waziri suka sami gurbi a rajista, Mahauci da Maroƙi ba su samu ba.

4.0 Kafanchan da Kewayenta

Ƙasar da a yau ake kira Kudancin Kaduna tsohuwar ƙasar sana'a ce. A ƙauyen Nok, cikin ƙasar Ham, masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, Bernard Fagg ya gane muhimmancin irinsu a shekarun 1940, binciken baya kuma ya tabbatar da cewa mutanen wannan al'ada suna narka tama ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙira ba baƙuwa ba ce a nan. Al'ummun yankin, irin su Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da Kaninkon da Gwong, suna da nasu tsarin suna da na dangi a harsunansu. Tambayar ita ce yadda kalmomin Hausa suka shiga gurbin sunan zuriya a tsakaninsu. Ana iya bin sawun hanyoyi huɗu.

Ta farko ita ce fatauci. Kalmar zango da take cikin sunan Zangon Kataf tana nufin masaukin ayari, kuma fataken Hausawa sun zauna a wurin tun kafin zuwan Turawa. Tare da su kalmomi irin su madugu da dillali suka shigo.

Ta biyu ita ce sarauta. Malam Usman ya kafa masarautar Jama'a wajen 1810, tana bin Zazzau. Da Turawa suka shimfiɗa mulkin En'e, sai tsarin hakimi da dagaci da mai unguwa ya game yankin, har da ƙasashen Kagoro da Jaba da Marwa waɗanda suke da sarakunansu na kansu. Mutumin da aka naɗa mataimakin sarkin ƙauye sai a kira shi Madaki ko Galadima ko Magaji, wanda yake tsaron fada a kira shi Dogari. Madaki gajeren Madawaki ne, shugaban mahaya dawaki, wanda Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau a matsayin jagoran rundunar yaƙi. A ƙauyen da yake kan dutse, inda babu rundunar dawaki, sunan ya rabu da dokin ya tsaya a kan muƙami. Haka ya faru da Marschall na Jamusanci, wanda asalinsa mai kula da doki ne.

Ta uku ita ce reluwe. Layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya ratsa Kafanchan zuwa Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos a 1927. Kafanchan ta zama mahaɗa, ma'aikata suka kwararo daga kudu da arewa, har aka mayar da hedikwatar masarautar Jama'a garin a 1933. Sababbin ayyuka suka zo da sunayensu: kafinta, birkila, direba, masinja, kuku, akawu, tela. Yawancinsu daga Ingilishi Hausa ta aro su, akawu kuwa masana suna danganta ta da kalmar Yarbanci mai nufin marubuci. Tela shi ne mai keken ɗinki, saɓanin maɗinkin hannu na gargajiya. Sana'ar shigege ce, babu wanda ya gaje ta a lokacin, kuma ba ta da tabon da zai sa a guje ta. Wanda ya fara sayen keke ya koma ƙauyensu shi kaɗai ne tela a wurin, daidai da maɗinkin ƙauyen Jamus. Laƙabin sai ya danne sunan yanka. Wani abin sha'awa kuma, tela daga Ingilishi ta fito, Ingilishi daga Faransanci, wato ita da Schneider duk a kan yanka ƙyalle suka tsaya.

Ta huɗu, wadda ta kafe sauran, ita ce makarantar mishan. 'Yan mishan na SIM sun sauka Kwoi a 1910, daga baya suka kafu a Kagoro, Katolika ma suka buɗe nasu makarantu. Da Hausa aka yi yawancin wa'azi da karatun farko, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Rajistar mishan tana bin tsarin Turai, wato sunan baftisma da sunan uba. Idan malami ya tambayi yaro sunan ubansa da Hausa, sunan da jama'a suke kiran uban da shi a kasuwa da fada shi ne yake fitowa. Ta haka Madaki da Tela da Akawu suka hau takarda, takardar ta bi yaron zuwa jarrabawa da aikin soja da fansho, shi kuma ya miƙa wa 'ya'yansa.

Misalan suna cikin sanannun mutane. Kanar Yohanna Madaki, ɗan ƙabilar Bajju, ya yi gwamnan Gongola daga 1985 zuwa 1986, sa'an nan na Binuwai. Joshua Madaki, shi ma daga Kudancin Kaduna, ya yi gwamnan Bauci daga 1987, na Filato daga 1990. John Yahaya Madaki, wanda ya yi gwamnan Katsina daga 1989, daga Jihar Neja ya fito. Gwamnonin soja uku ke nan masu suna ɗaya, ba su haɗa kaka ba, kuma babu Bahaushe a cikinsu.

5.0 Abin da Suna ba ya Tabbatarwa

Wannan batu bai tsaya ga nazarin harshe ba. Tun da tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba muƙamai tsakanin jihohi, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin makaranta da aiki, kuma suna yana cikin abin da ake fara dubawa. Yankin ya kuma ga tashe-tashen hankula da suka ci rayuka: na Maris 1987 wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, na Zangon Kataf a Fabrairu da Mayu 1992, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011. A irin waɗannan ranaku, tambayar mutum sunansa takan zama hanyar yanke masa hukunci.

Kuskuren da ake yi iri biyu ne. Wani yakan ga yawan sunayen Hausa a yankin ya ce ai shaida ce ta cewa masu su Hausawa ne ko kuma bayin Hausawa ne a da. Wani kuma yakan ga sunan Hausa a kan maƙwabcinsa ya ɗauke shi baƙo. Duka biyun sun jingina ga suna abin da ba ya ɗauke da shi. Abin da sunan Madaki yake tabbatarwa kawai shi ne, a lokacin da aka fara rubuta wannan gida, Hausa ce harshen fada da kasuwa da aji.

Tarihin Jamus ya ba da darasi mai ɗaci a kan wannan. Gwamnatin Nazi ta so ta ware Yahudawa, amma sunan zuriya ya kasa yi mata wannan aiki, domin Schneider da Meyer da Kaufmann suna kowane ɓangare. Sai ta kafa doka a ranar 17 ga Agusta 1938 wadda ta tilasta wa Yahudawa maza ƙara Israel a sunansu, mata kuma Sara, in dai sunansu na yanka ba ya cikin jerin da hukuma ta ware musu. Wannan doka ita kanta shaida ce cewa sunan sana'a bai san ƙabila ba, sai da aka ƙirƙiro wata alama aka liƙa.

Al'ummun Kudancin Kaduna sun mayar da sunayensu na asali a bainar jama'a: Bajju a madadin Kaje, Atyap a madadin Kataf, Ham a madadin Jaba. An kafa masarautun Bajju da Atyap a 1995, wasu kuma suka biyo baya a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Iyaye da yawa sun koma raɗa wa 'ya'yansu sunayen harshensu. Sai dai sunan zuriya ya fi wuyar sakewa, saboda yana kan takardar makaranta da ta fili da ta banki.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Schneider ya yaɗu ne saboda kowane ƙauye yana da maɗinkinsa, ya kuma tabbata saboda coci da hukuma sun rubuta shi, da farko ga Jamusawa, daga baya ga Yahudawa. A tsakiyar ƙasar Hausa sunan sana'a ya tafi ga unguwa da sarauta, da rajista ta zo kuma gari da sunan uba suka riga shi shiga. A Kafanchan da kewayenta ne sharuɗɗan suka haɗu: sabon muƙami ko sabuwar sana'a mai bambance mutum guda, harshen Hausa a bakin mai tambaya, da rajistar da take neman suna na biyu.

Aikin kafe sunaye bai ƙare ba. Lambar shaidar banki da aka fara a 2014 da lambar shaidar ɗan ƙasa suna bukatar suna ɗaya tabbatacce, kuma gyara shi yana da wahala. Gidajen Hausawa da suka saba sauya suna na biyu a kowane zamani, ɗa ya ɗauki sunan ubansa, jika ya ɗauki na nasa uban, yanzu suna tsaye a inda Yahudawan Ostiriya suka tsaya a 1787. Ma'aunin da mai nazari zai riƙe shi ne jika: ranar da jikan Tela, wanda bai taɓa taka keken ɗinki ba, ya rubuta Tela a takardarsa, laƙabi ya zama sunan zuriya. Rajistocin baftisma na Kwoi da Kagoro, da na ma'aikatan reluwe a Kafanchan, da takardun haraji na En'e da suke Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa a Kaduna, su ne wuraren da za a iya bin wannan sauyi gida-gida, kuma ya kamata masu nazarin sunaye su duba su tun takardun ba su lalace ba.